Intanet a Sinja: wa ke riƙe da ƙofar madatsa?

A kasuwar Sinja, babban birnin jihar Sannar da ke bakin Shuɗin Nilu, ciniki kan faɗa amma a kasa biya. An daidaita a kan buhun riɗi ko na dawa, mai saye ya zaro wayarsa ya buɗe Bankak, manhajar Bankin Hartum da ta zama aljihun mutanen Sudan, sai a tarar babu shabaka, wato sadarwa ta ɗauke. Ga kuɗi a asusu, ga kaya a ƙasa, su biyu suna ta ɗaga waya sama suna neman inda za ta kama. Tun da aka yi canjin takardun kuɗi a watan Disamban 2024, aka matsa wa jama'a su zuba abin da ke hannunsu a banki, wannan tsaiko ya ƙara tsanani. Shi ya sa tambayar ko wane ne ke kawo intanet ta wuce zancen injiniyoyi. Ta shafi manomi a Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ta kuma shafi kowane ƙauyen Hausawa daga Jazira har Damazin. Hujjar wannan maƙala ita ce, ana auna 'yancin kamfanin intanet da hanyar da ya mallaka da ƙofar da yake fita, kuma garuruwa irin Sinja ba za su huta ba sai hanyoyin sun yawaita.

Duk wanda ya san noman Jazira zai gane aikin kamfanin intanet cikin sauƙi. Ruwa yana fitowa daga madatsar Sannar da aka kammala a 1925, ya bi babbar magudana, ya rarrabu cikin ƙanana, har ya faɗa abu ishirin, ɗan kwalbatin da ke shayar da gona. Madatsar intanet ɗin Sudan tana Bur Sudan, inda wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka, kamar SAS da ke tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda, da EASSy da ta fara aiki a 2010 tana bin gabar gabashin Afirka, da kuma FALCON. Daga nan wayar gilashi da aka binne a ƙasa take ɗauko saƙo zuwa cibiyoyin na'urori, inda ake tantance kowane layi da kuɗin da ke kansa, sannan a raba wa turakun sadarwa da gidaje da ofisoshi. Kamfanin da ke sayen ruwa daga magudanar wani ya sayar, dillali ne komai girman allonsa. Ranar da mai madatsa ya rufe ƙofa, gonarsa da ta abokan cinikinsa duk za su bushe.

Tarihin sadarwa a Sudan ya fara ne da madatsa ɗaya. An kafa Sudatel a 1993 daga tsohuwar hukumar wayar tarho ta gwamnati, kuma gwamnati ta riƙe kaso a cikinsa. A ƙarshen shekarun 1990 Sudanet ya fara sayar da intanet a Hartum ta layin tarho, irin wanda sai an buga lamba an jira ƙarar na'ura kafin a shiga. Mobitel ya kawo wayar hannu a 1997, kamfanin MTC na Kuwait ya saye shi gaba ɗaya a 2006, daga baya ya koma Zain. Areeba ya shigo a 2005, ya rikiɗe ya zama MTN. A wannan shekara ta 2005 ce Canar ya bayyana, da jarin kamfanin Etisalat na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya karya babakeren da Sudatel ya daɗe yana yi a kan layin ƙasa. Canar ya shimfiɗa wayarsa ta gilashi, ya samu mafita zuwa teku ta FALCON, yana sayar da tarhon gida mara igiya, da intanet mai sauri, da layukan haya na musamman ga bankuna da ma'aikatu da kamfanoni. A 2016 Etisalat ya sayar da hannun jarinsa na kashi 92.3 cikin ɗari ga Bankin Hartum, bankin nan mai Bankak.

Amfanin magudana ta biyu ya bayyana a watan Yunin 2019. Bayan an tarwatsa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja ranar 3 ga wata, aka katse intanet na wayar hannu fiye da wata guda. Abin da ya rage yana numfashi shi ne wasu layukan ƙasa na Canar da na Sudani, reshen Sudatel, waɗanda ke shiga otal-otal da ofisoshi, kuma ta nan labarin ƙasar ya riƙa fita waje. Wani lauya, Abdul'azim Hasan, ya kai ƙarar Zain kotu ya yi nasara, aka mayar wa wayarsa shi kaɗai da sadarwa, sai ranar 9 ga Yuli hukunci ya game kowa. Darasin a fili yake: inda hanya ta rabu biyu, rufewa takan yi wuya. Sai dai wannan sauƙi na masu layin ƙasa ne, kuma yawancinsu suna Hartum. Mutumin ƙauye a kudancin Sannar, wanda bai taɓa ganin intanet ba sai ta turakar wayar hannu, ya zauna cikin duhu har ƙarshe. Haka aka maimaita bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021, aka shafe sama da mako uku.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tona wani rauni da ya fi wannan zurfi. Kamfanonin suna da sunaye daban-daban, amma a lokacin manyan cibiyoyin na'urorinsu duk a Hartum suke. A farkon Fabrairun 2024 MTN da Sudani suka mutu, Zain ya biyo baya, kuma an ɗora wa dakarun RSF masu yaƙi da soja, waɗanda ke riƙe da birnin a lokacin, alhakin kashe cibiyoyin. Garuruwan da ba a harba ko harsashi ɗaya ba suka wayi gari babu kira, babu Bankak, babu kuɗin da 'yan'uwa ke aikowa daga Saudiyya, har ɗakunan girkin taimako da matasa suka buɗe suka rasa abin sayen hatsi. Sai da aka kafa sababbin cibiyoyi a Bur Sudan sadarwa ta fara dawowa kaɗan-kaɗan. Sinja ta faɗa hannun RSF ranar 29 ga Yunin 2024, soja suka ƙwato ta ranar 23 ga Nuwamba, kuma a tsakanin nan iyalai da yawa sun watse zuwa Gadarif da Damazin ba su san halin da nasu ke ciki ba.

Wani zai ce ai Starlink ya raba gardama, tunda daga tauraron ɗan'adam yake sauko da intanet, bai bi ta Hartum ba, bai bi ta Bur Sudan ba. Gaskiya ne ya ceci rayuka. A ƙauyukan Jazira bayan faɗuwar Wad Madani a Disamban 2023, ɗan farin faifan nan da aka jingina a kan rufi, aka haɗa shi da batir da allon hasken rana, ya zama wurin da mutane ke taruwa a gindin bishiya, kowa ya biya kuɗin sa'a ɗaya ya karɓi saƙon ɗansa. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Na'urorin ta fasa-ƙwauri suka shigo, ba su da lasisi, kuma a wurare da dama masu bindiga ne ke riƙe da su ko suke karɓar kuɗi a kansu. A Afrilun 2024 kamfanin ya gargaɗi masu amfani da shi a ƙasashen da bai da izini cewa zai yanke su, sai da ƙungiyoyin agaji suka yi ta roƙo. Ƙofar madatsa ta tashi daga Hartum ta koma Amurka, inda mutumin Sinja ba shi da kotun da zai kai kuka.

Wani kuma zai ce duk yawan kamfanoni, takarda ɗaya daga hukuma ta isa ta rufe su, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumban 2021, ko yadda Sudan ta riƙa katse intanet na sa'o'i a lokacin jarrabawar sakandare. Wannan ma gaskiya ne, kuma maganinsa doka ce da ke buƙatar hukuncin alƙali kafin a rufe. Amma duhun Fabrairun 2024 bai zo da takardar hukuma ba, ya zo ne saboda an tara komai a birni ɗaya, abin da rarraba cibiyoyi zai iya hanawa. Akwai kuma masu cewa ƙauye ba shi da kasuwar da za ta riƙe ƙaramin kamfani. Mutanen da suka riƙa biyan kuɗin sa'a a gindin bishiya, a lokacin da abinci ma yake gagara, sun riga sun amsa wannan. Abin da ke kashe ƙaramin kamfani shi ne tsadar lasisi da farashin sari da manya ke yanka masa.

Saboda haka, yayin da ake gyaran abin da yaƙi ya rusa, ya kamata hukumar kula da sadarwa da gidan waya ta Sudan ta fito da lasisi mai rahusa na jiha, wanda ƙungiyar manoma ko 'yan kasuwar Sinja za su iya ɗauka. A tilasta wa masu wayar gilashi su sayar da sari a kan farashi bayyananne. A kafa mahaɗar musayar saƙo a wajen Hartum, ko a Sannar ko a Wad Madani, yadda saƙon da ya tashi daga Sinja zuwa Mai Wurno ba sai ya kewaya ta babban birni ba. A kuma halatta tauraro a matsayin hanya ta biyu a asibitoci da bankuna da kasuwanni. Masu unguwanni, malamai da 'yan kasuwar Hausawa suna da murya a jihar nan. Idan wakilan kamfani suka zo neman filin kafa turaka, a tambaye su ta ina wayarsu ta biyo, a wane gari cibiyarsu take, kuma idan aka rufe wannan hanya, wace ce ta biyu.