Abin da ya kamata ku sani kan waƙar Hausa da ke cikin wayarku a Zangon Kwatano

Waƙar da aka saki a Kano da hantsi, kafin la'asar ta shiga wayoyin matasa a Zangon Kwatano da Godomey a ƙasar Benin. Ko lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, shinkafa ce ta maƙale a iyakar Seme, waƙa da fim ba su fasa ƙetarowa ba. Sai dai galibin hanyoyin da waƙa ke bi ta iso kunnen mutum suna cin kuɗi, kuma akwai aljihun da kuɗin ke faɗawa. Mai sauraro ya kamata ya san wannan lissafi.

Daga kaset zuwa memori

Dattawan Zango sun san zamanin kaset, lokacin da fatake da direbobin manyan motoci ke taho da waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ita ce cibiyar kwafar kaset da rarraba shi a lokacin. Da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama bayan Turmin Danya a 1990, sai kiɗan fiyano ya fara ture kalangu da kuntigi a kunnen matasa, musamman bayan fim ɗin Sangaya na 1999. Daga nan aka koma faifan CD, sannan memori.

A nan ne gardamar manya da matasa a majalisa ta samo asali. Manya na cewa waƙar da, maganar da ke cikinta ita ce jarinta, ta yanzu kuwa na'ura ce ke gyara murya. Matasa na cewa kowane zamani da kiɗansa, su kuma nasu shi ne na Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ado Gwanja da Hamisu Breaker, wanda waƙarsa Jaruma ta mamaye wayoyi a 2020. Abin lura shi ne duka ɓangarorin biyu a irin waya ɗaya suke sauraro, Tecno ko Itel ko Infinix, kuma duka ukun na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin.

Hanyoyi uku na samun waƙa

Ta farko ita ce shagon masu tura waƙa. Ka miƙa memori, ka biya 'yan kuɗi, a cika maka shi da waƙoƙi da finafinai da karatun malamai. Ba ruwanka da intanet. Haɗarinta biyu ne: ƙwayar cutar kwamfuta da ke iya biyo fayil, da memori na jabu, wanda za a rubuta masa gigabait 32 alhali ba ya ɗaukar rabin haka. Alamarsa ita ce waƙoƙin su riƙa ɓacewa ko su ƙi buɗewa da zarar ya fara cika. Araha ba ta ado. A gwada shi tun a gaban mai shago.

Ta biyu ita ce tura wa juna ta Bluetooth ko Xender, wadda ba ta cin data ko kaɗan, ko ta WhatsApp, wadda ke ci.

Ta uku ita ce saurare kai tsaye a YouTube, Audiomack, Boomplay ko TikTok, da layin MTN ko Moov Africa ko Celtiis, layin gwamnati da ya fara aiki a 2022. Ita ce mafi tsada ga mai sauraro, kuma ita kaɗai ce mawaƙi ke iya ganin wani abu a cikinta.

Me ke cinye data?

Hoto ne, ba sauti ba. Waƙar MP3 ta yau da kullum tana cin kimanin megabait ɗaya a minti guda, ke nan waƙar minti biyar megabait biyar ce. Bidiyon wannan waƙar kuwa yana ninka haka sau da dama, gwargwadon kyan hoton. Wanda waƙar kawai yake so, ya nemi sautinta. Wanda zai kalli shirin Labarina ko Daɗin Kowa a ƙaramar waya, ya sauke ingancin hoton zuwa 360p. Ido ba zai ga babban bambanci ba, aljihu zai gani. A kuma hana WhatsApp sauke duk bidiyon da aka jefa a zaure da kansa.

Shekarar da aka sa wa hira haraji

A watan Yulin 2018 gwamnatin Shugaba Patrice Talon na Benin ta fitar da dokar da ta ɗora sefa 5, wato dala ɗaya, a kan kowane megabait da aka kashe a WhatsApp da Facebook da makamantansu. A wannan ƙiyasi, bidiyo mai megabait 100 sai an biya masa sefa 500 na haraji kaɗai, ban da kuɗin datar. Matasan ƙasar suka tayar da ƙura a shafukan da aka sa wa harajin, kuma a watan Satumba na shekarar gwamnati ta janye shi. Wannan ya nuna cewa farashin data ba kamfanin waya kaɗai ke yanke shi ba, da hannun hukuma a ciki.

Wa ke cin kuɗin waƙar?

Idan a shago aka tura maka, mai shago ne ya ci, mawaƙi bai ga ko dala ba. Idan aboki ne ya tura ta Bluetooth ko Xender, ba wanda ya samu komai. Idan a YouTube ka kalla, kamfanin na bai wa mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da aka saka a dogon bidiyo. Amma mai tasha ba lallai ne ya zama mai waƙa ba, domin akwai masu kwasar aikin wasu su ɗora a tashoshinsu. Saboda haka mai son mawaƙi ya nemi tasharsa ta ainihi. Rashin samun kuɗi daga sayar da waƙa na cikin dalilan da suka sa mawaƙa da yawa suka karkata ga wasan biki da waƙar siyasa da talla.

Masu sa kiɗa a bainar jama'a don neman kuɗi, kamar masu kayan sauti na biki da gidajen shaƙatawa, su san cewa a Benin akwai BUBEDRA, hukumar da ke karɓar kuɗin haƙƙin mawaƙa da marubuta.

Wace doka ce ke kanku?

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya haramta waƙa a Kano, amma ikonta bai kai Kwatano ba. Dokar da ke hawa kan mazaunin Zango ko Godomey ita ce kundin dokokin intanet na Benin na watan Afrilun 2018, wanda ya tanadi tara da ɗauri ga mai cin zarafin wani ko yaɗa ƙarya a kansa ta waya. Habaici da zambo tsofaffin abubuwa ne a waƙar Hausa, amma ɗora hoton mutum a kan waƙar zambo a watsa a TikTok ko zauren WhatsApp na iya kai mutum gaban alƙali. Kafin a danna tura, a tambayi kai: wannan nishaɗi ne, ko ɓata sunan wani?