Aikatau phēmi a Girkancin Dā: Ma'anarsa da Sigoginsa

A Girkancin birnin Atina na ƙarni na 5 da na 4 kafin haihuwar Annabi Isa akwai aikatau biyu da sau da yawa akan fassara da "ce", watau legō da phēmi. Amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Legō faɗi ne kurum. Wanda ya yi amfani da phēmi kuwa, ya tabbatar da zance ke nan, ya tsaya a kansa.

Phēmi yana cikin tsohon rukunin aikatau masu ƙarewa da -mi. Saiwarsa phē- ce a tilo, pha- a jam'i. Ga sigoginsa a lokaci mai ci:

Tilo: phēmi (ni), phēs (kai ko ke), phēsi (shi ko ita).
Jam'i: phamen (mu), phate (ku), phasi (su).

In ban da phēs, duk waɗannan sigogi sukan jingina da kalmar da ta gabace su wajen karin sauti. A shuɗaɗɗen lokaci akan ɗafa wasalin e a goshi: ephēn "na ce", ephē "ya ce", ephasan "sun ce". A littattafan Aflatun akan tsoma ephē a tsakiyar maganar mutum, kamar yadda Bahaushe yake yi da "in ji shi".

Wurin da mai fassara ya fi tuntuɓe shi ne korewa. Kalmar korewa ou takan zo gaban phēmi, amma abin da take korewa shi ne zancen da ya biyo baya. Saboda haka ou phēsin eidenai ba ya nufin "bai ce ya sani ba". Ma'anarsa ita ce "ya ce bai sani ba". Na farko shiru ne, na biyu kuwa musu, kuma a gaban alƙali tazarar da ke tsakaninsu babba ce.

Saiwar ba ta mutu ba. Daga gare ta aka sami prophētēs, mai faɗin saƙon abin bauta, wadda ta zama prophète a Faransanci. Haka kuma aphasie, sunan cutar ɓacewar magana, wanda likita Armand Trousseau ya yaɗa a 1864 a madadin aphémie ta Paul Broca ta 1861. Dukansu biyu daga saiwa guda suka tsiro.