Fasinjar Ƙuda

An ce ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu, to amma kafin ya mutu akwai mai cin moriyar kwaɗayin nasa. Kama ƙuda a akurkin kaji ko a turken shanu, ka sa madubin ƙara girma ka duba cikinsa da gindin ƙafafunsa. Wani sa'in za ka ga wani ɗigo jaja-jaja, kamar milimita 1, ya manne kam. 'Yar mitsitsiyar halitta ce mai ƙafa takwas, dangin kaska da gizo-gizo, masana na kiranta Macrocheles muscaedomesticae.

Gidanta kashin kaji da na shanu, abincinta ƙwan ƙuda da ƙananan tsutsotsinsa. Sai dai juji ba ya dawwama da danshi. Da rana ta busar da shi, ƙudaje sun ƙaurace, yunwa ta kawo kai. Ita kuwa ba fiffike, ba ko ido, da ƙafafunta na gaba take sunsunar hanya. Sai macen ta yi kwanto, ƙuda na gittawa ta cafke shi da baki, shi ke nan ta samu mai rage mata hanya. Duk inda ɗanyen kashi yake ƙuda zai gano shi, nan za ta dira.

Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, haka ne. Amma ƙadangare yana da kunya, ba ya sha ya waiwayo ya cinye 'yan tsaki. Wannan baiwar Allah tana sauka sai ta faɗa wa ƙwan wanda ya goyo ta. A hanya ma takan tsotsi ruwan jikinsa, ƙarfinsa ya ragu, kwanansa ya gajarta. Ni dai ban ga laifinta ba, tunda ƙuda ne. Tun shekarun 1960 masu bincike a Amurka suka lura tana rage ƙudaje a gidajen kaji, shi ya sa suke hana fesa maganin ƙwari kai tsaye a kan kashin, don da ita za a haɗa, ƙuda kuma ya riga ta farfaɗowa.

Buzuzu ma yana da nasa fasinjojin. Birkice shi ka gani, sukan yi cincirindo a ƙirjinsa. Wasu ba sa ma riƙo da baki: wani ruwa mai danƙo suke fitarwa ta dubura, ya daskare ya zama siririn tsinke, su yi lilo a kansa har ya kai su sabon kashin shanu.