Ƙwallon da ta Zo ta Sama: Duka ko Dabara?

Akwai wani wasa ɗan'uwan tanis da ake kira Padel. Enrique Corcuera ne ya ƙirƙiro shi a garin Akapulko na ƙasar Meziko a 1969, yanzu kuma ya fi karɓuwa a Sifaniya da Ajantina. Biyu-biyu ake yinsa, a fili mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10, kewaye da bangon gilashi da waya. Idan ƙwallo ta faɗi ƙasa ta daki bango ba ta mutu ba, ana iya mayar da ita.

A wasan, waɗanda suka tsaya kusa da raga su ke da rinjaye. Don a kore su baya, sai abokan karawa su cilla ƙwallo sama ta bisa kansu. To, yaya za a yi da ita?

Sabon shiga zai maka ta iya ƙarfinsa. Sai ta daki bangon baya ta dawo tsakiyar fili, ya ajiye wa abokin karawa tuwo da miya. Dukan ƙarfi yana biya ne idan ƙwallon ta sauko kusa da raga. A nan gwani kan danna ta ta yi tsalle ta fice ta saman bangon gefe mai mita 3.

Idan ta yi nisa, sai a yi bandeja, wato "tire" da Sifaniyanci. Ka juya gefe, ka ja baya, ka tare ta daidai tsayin kanka, ka shafe ta a hankali zuwa ƙarshen fili. Ba ta tashi sosai bayan ta taɓa gilashi, kai kuma ka samu lokacin komawa raga. Akwai kuma víbora, wato kububuwa. Ita ta fi sauri, ana yankar ƙwallon ta gefe, ta sulale ƙasa-ƙasa. Wanda ya raɗa mata sunan nan ya san maciji!

Mu a Burumburum ba mu da filin Padel, amma muna da ragar ƙwallon raga, kuma ciwon ɗaya ne. 'Yan wasanmu kowace ƙwallo sai sun danna don 'yan kallo su yi ihu, ko da ta yi nisa da raga. Sau da yawa a raga take ƙarewa ko a waje. Alhali doka ta yarda ka tura ta da yatsu bayan masu tarewa, kuma maki ɗaya ne da na mai duka. Kyaftin-kyaftin, a gwada wannan a atisaye kafin gasar gidaje.