Zaren fatsa da kifi ba ya saurin hangowa

A tafkunan Amurka, inda ake gasar kamun kifin bass, tsinkewar zare ɗaya kan mayar da mai fatsa gida hannu rabbana.

Shi ya sa da yawa ke zaɓar zaren fulorokabon, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fara fitarwa a 1971. Da wuya kifi ya hango shi, kuma yana jure gogar duwatsu.

Sai dai yana nutsewa, don haka bai dace da koton saman ruwa ba.

A sararin ruwa, mai ɗaukar kilo 3 zuwa 4 ya isa. Cikin ciyayi kuwa, sai mai kilo 7 zuwa 9.

A jiƙa ƙulli kafin a tamke shi, domin zafin gogayya kan raunana zaren.