Gola Na Biyu: Kujerar da Muka Daɗe Muna Rainawa

Duk wanda ya tsaya bayan sallar la'asar ya kalli yara suna raba ƙungiya a filin firamare a Daura, ko Mai'adua, ko Sandamu, ya san yadda ake samun mai tsaron raga. Manyan biyu za su yi ta zaɓe, wannan ya ɗauki mai gudu, wancan ya ɗauki mai yanka, har a zo kan wanda ba wanda ya so. Shi za a ce wa, "Kai ƙane, je ka tsaya gola." A ajiye duwatsu biyu ko silifas, a tsayar da shi a tsakiya, ƙasa ta yi tauri da hunturu, ba safar hannu, ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake faɗuwa ba tare da an goge gwiwar hannu ba. In an ci shi ya sha zagi, in ya tare a ce sa'a ce. To idan haka ake samun gola na farko, ina ga na biyu?

Amma a ƙwallon ƙwararru al'amarin ya juya. Kujerar gola na biyu, wadda a da ake cikewa da duk wanda ya samu, yanzu ta zama abin da koci ke kwana yana tunani a kai. Dalilan suna da yawa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Mafi daɗewa shi ne dokar 1992 da ta hana gola kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Daga nan aikin ya sake kama. Gola ya zama ɗan wasa na goma sha ɗaya na gaskiya, wanda daga ƙafarsa ake fara gina hari. Ƙungiyar da ta saba fitowa da ƙwallo daga baya, in golanta ya ji rauni aka sa wanda bai iya taɓa ƙwallo da ƙafa ba, tsarin wasan gaba ɗaya ne ya rushe. Sai kuma yawan wasanni da tafiye-tafiye. A gasar Najeriya, ƙungiya kamar Katsina United kan yi doguwar tafiya zuwa Fatakwal ko Aba ko Uyo, sau da yawa a mota, ta dawo ta sake buga wasa cikin 'yan kwanaki. Jiki ba ƙarfe ba ne. Akwai kuma bugun fenareti, wanda ya sa wasu kociyoyi suke ajiye gola na musamman: a gasar cin kofin duniya ta 2014 Louis van Gaal ya shigo da Tim Krul ana dab da tashi a wasan Holan da Kosta Rika, Krul ya tare bugu biyu, Holan ta wuce.

Sai dai a ganina babban abin da ya buɗe mana ido a Najeriya shi ne wahalar da muka sha. Vincent Enyeama ya bar Super Eagles a 2015 bayan saɓani da koci Sunday Oliseh, yana da wasa 101. Shekara da shekaru an jingina da shi, ba a damu da reno wani a bayansa ba. Carl Ikeme na Wolverhampton ya rufe gurbin, har aka fara sakin jiki, sai a watan Yulin 2017 aka gano yana da cutar sankarar jini. Daga nan aka shiga lalube. Aka je gasar duniya a Rasha a 2018 da Francis Uzoho yana ɗan shekara 19. A Janairun 2022 a Garwa, ƙwallon Youssef Msakni na Tunisiya ta wuce Maduka Okoye, aka fitar da mu daga kofin Afirka, aka yi wa yaron ruwan zagi. Bayan wata biyu a Abuja, bugun Thomas Partey na Gana ya kuɓuce wa Uzoho, tikitin gasar duniya ta Ƙatar ya tafi. Masu gidajen kallon ƙwallo a Daura ba za su manta da daren nan ba.

Abin lura shi ne Enyeama kansa daga benci ya fito. A 2002, lokacin Enyeama yana Enyimba, Ike Shorunmu ne gola na farko a gasar duniya. Da aka riga aka fitar da Najeriya, koci Adegboye Onigbinde ya ba Enyeama wasan Ingila, aka tashi ba ci. Wannan dama guda ce ta haifi fiye da shekara goma na kwanciyar hankali a ragar Najeriya.

Labarin da ya fi shafar mu 'yan Jihar Katsina shi ne na Stanley Nwabali. Wannan bawan Allah ya tsare ragar Katsina United a filin wasa na Muhammadu Dikko kafin ya tafi Chippa United ta Afirka ta Kudu a 2022, shekarar da ƙungiyar tamu ta faɗa rukuni na biyu tare da Kano Pillars. Da koci Jose Peseiro ya kira shi gasar kofin Afirka da aka buga a Kodebuwa a farkon 2024, mutane da yawa sun ɗauka zaman benci zai yi a bayan Uzoho. Shi ya tsaya tun wasan farko. A wasan kusa da na ƙarshe a Bouaké ya tare fenareti biyu na 'yan Afirka ta Kudu, Najeriya ta kai wasan ƙarshe. Mutumin da muke gani a gabanmu a Katsina, sai da ya ƙetare ƙasa sannan aka san darajarsa. Wannan yana damuna, domin yana nuna idonmu bai saba auna gola ba sai ranar da ya yi kuskure.

Ƙungiyoyin gida sun fara ɗaukar darasi, amma ta hanyar da ke da nata illar. Maimakon reno, sayowa ake yi. Kaka ta ƙare, gola mai kyau ya samu wanda ya fi biya ya tafi, a ɗauko wasu biyu daga nesa a kan gajeriyar yarjejeniya. Amfanin a fili yake: akwai gogayya, na farko ba ya barci, rauni ba ya tsayar da ƙungiya. Illar kuma ita ce gola biyu masu ji da kansu ba sa daɗewa a inuwa ɗaya. Ɗan baya ko ɗan gaba yana iya shigowa minti ashirin ya nuna kansa, musamman yanzu da ake canjin mutum biyar, amma gola na biyu yana iya yin wata uku bai taɓa ƙwallo a wasa ba. Matashi mai shekara ashirin in ya zauna haka, hannunsa ya yi sanyi, zuciyarsa ta karaya. Ga kuma kuɗi: ƙungiyoyin da gwamnatocin jihohi ke ɗauke da su ba kullum suke iya riƙe albashin manyan gola biyu ba.

Shi ya sa zaɓen na biyu yake da wuya fiye da na farko. Direban da ke jigila tsakanin Daura da Kano ta Kazaure ya san safaya ba ado ba ce: in bai duba iskarta a tasha ba, ranar da taya ta fashe ne zai gane ba shi da komai. Abin da koci zai duba a gola na biyu ya wuce tsawo da tsalle. Shin zai yi atisaye ranar Talata da ƙwazon wanda zai buga ranar Lahadi, alhali ya san ba shi zai buga ba? In an ba gola na farko jan kati a minti na saba'in, zai shigo da sanyin jiki ya fuskanci fenareti nan take? Yana magana da 'yan bayansa da harshen da suke ji? Ni na fi karkata ga a haɗa gogagge ɗaya da matashi ɗaya ɗan gida, a ba matashin wasannin kofin ƙalubale na jiha da na sada zumunci, ya riƙa jin ihun 'yan kallo a kunnensa tun kafin ranar larura.

Nan ne maganar ta dawo masarautar Daura. Arewa ta ba Super Eagles Ahmed Musa da Shehu Abdullahi da Zaidu Sanusi da Sadiq Umar, amma in aka zo lissafin masu tsaron raga sai dattawa su koma can baya su ambaci Inuwa Rigogo na shekarun 1960. Ba ƙarancin dogayen yara masu zafin nama ba ne, ko a Zango da Baure akwai su. Kocin unguwa yawanci tsohon ɗan gaba ne ko ɗan tsakiya, abin da ya sani shi yake koyarwa. Masu shirya gasar unguwanni lokacin hutun makaranta ko bikin Sallah suna ware kyauta ga wanda ya fi cin ƙwallo, da wuya a tuna da wanda ya fi tarewa. Masu hali da ke saya wa ƙungiyoyi riguna su ƙara da safar hannu guda biyu, a zuba yashi a bakin raga, a nemo tsohon gola ko da sau ɗaya a mako ya ware yara uku ko huɗu ya koya musu tsayuwa da faɗuwa da fita kan ƙwallon sama. Katsina United kuma ta riƙa turo masu duba 'yan wasa zuwa waɗannan gasanni da umarnin su tsaya a bayan raga.