Kunne a Zafin Injamena

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Injamena, kowa ruwan sha da inuwa yake nema. Ba mai tuna kunne, alhali a wannan lokacin ne yake shan wuya.

Da an ɗauke wuta sai janareta ta tashi, kuma saboda tsoron ɓarawo a bakin ƙofar ɗaki ake ajiye ta, a kwana da rurinta. Gari na wayewa mai injin niƙa a kasuwar Dembe ya tayar da nasa, mai walda ya kama duka, ɗan kilando mai haya da babur ya shiga tsakiyar hon ya toshe kunnuwansa da waƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kunnen babba na iya jure ƙara mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako. Idan ta kai 90, awa 4 kacal. Ba sai da na'ura za ka gane ba: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye gabanka ya ji ka, ƙarar ta yi yawa. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu karɓar sauti, waɗanda in sun mutu ba sa sake tsirowa. Shuuu ɗin da kake ji bayan ka baro gindin lasifikar biki, kukansu ne. Matsar da janareta nesa da makwanci, rage sautin waya, mai sana'ar ƙara kuma ya nemi abin toshe kunne na roba a kantin magani.

Zafi da ƙura kuma su ne damar sanƙarau, cutar da kan bar wasu daga cikin waɗanda suka tsira da kurumta. A Disambar 2011 an yi wa mutum kusan miliyan 1.8, 'yan shekara 1 zuwa 29, allurar MenAfriVac a Injamena da yankuna biyu na kusa, kuma sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin 100 idan aka kwatanta da inda ba a yi ba. Sai dai daga nau'i ɗaya na cutar take karewa. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya na asibiti ne a ranar, kuma bayan an warke a gwada jin majinyacin. Ƙyanda ma na kurumtarwa, ita ma tana da rigakafi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wanda muke yi da hannunmu. Tsinken ashana, gashin kaza, mabuɗin babur, duk an mai da su kayan sakace. Dauɗar kunne ba ƙazanta ba ce. Ita ke tare ƙura, kuma da kanta take fitowa. Tsinke tura ta ciki yake yi, wani lokaci ya huda dodon kunne. Mari ma na huda shi, iyaye da malamai su ji wannan da kyau. Yaron da ya dawo daga wanka a kogin Shari yana sosa kunne, ko kunnensa ke zubar da mugunya, kada a ɗiga masa man gyaɗa ko ruwan ganye. A goge waje da tsumma mai tsabta, a kai shi a duba.

Sai dokta cuku, mai tallar magani a rana. Allurar jentamaisin da kinin suna iya taɓa ji, musamman in an wuce ƙa'ida, shi kuwa ba ya tambayar nauyin yaro balle lafiyar ƙodarsa. Wanda ya fara jin ƙara ko jiri yana kan shan magani ya koma wurin likita nan take. Wanda kuma ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif, kada ya jira a ga yadda hali zai yi, domin a kwanakin farko ne magani ya fi kama shi.